Kiɗa Ɗaya, Rawa Daban-Daban: Yadda Halin Kowaccenmu Ke Karɓar Canji a Ƙungiya

Jawabin da wata 'yar'uwarmu, mai sayar da hatsi a Kasuwar Kawo, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

 

Uwar taro, Shugaba, Ma'aji, Sakatariya, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya tun muna zuwa taro da goyo a baya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, manyan baƙi, da 'yan'uwana 'yan kasuwa na Kawo, da Unguwar Rimi, da Badarawa, da Kasuwar Barci, da babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Takardar nan da hannuna na rubuta ta, albarkacin malamanmu na aji. In kun ji na ɗan tsaya, ku yi haƙuri, harafi nake lalube.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan canje-canjen da ƙungiyarmu ta shiga, da kuma wanda ke gabanmu yanzu. Kun dai san maganar da ke kan teburi: an kawo shawarar a daina karɓar zubi da hannu kwata-kwata, kowa ta riƙa turawa asusun ƙungiya. A taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a. Tun da aka faɗi maganar nan ake ta ƙananan maganganu a rumfuna da gidajen suna. Wasu na cewa an makara, wasu na cewa in aka yi haka za su kwashe nasu su bar ƙungiya. Shi ya sa na ga gara mu zauna mu dubi kanmu kafin mu ɗaga hannu.

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi a cikinku shi ne: magana ɗaya ake faɗa, a ɗaki ɗaya, da baki ɗaya, amma kowa da abin da kunnenta ke ji. Shugaba ta ce "za mu buɗe asusu a banki". Wata ta ji an ce za mu ci gaba. Wata ta ji an ce kuɗinta zai tafi inda ba ta ganinsa. Wata ta ji an ce ba a yarda da amanarta ba. Wata kuma ta ji an ce za a tona cewa ba ta iya karatu ba. Duk a jimla ɗaya.

Canji ba yau aka fara ba

Iyayenmu da ke zaune a gaban nan sun ga abin da ya fi namu. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, aka mayar da tuƙin mota a Najeriya daga hannun hagu zuwa hannun dama. Ranar 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Amma shekara da shekaru bayan nan akwai tsofaffin da in ka ce musu naira ashirin sai sun mayar da ita fam goma a zuciyarsu kafin su san ko ciniki ya faɗa. Ba su ƙi naira ba, da ita suke saye da sayarwa, lissafinsu ne kawai yake tafiya a tsohuwar hanya. A watan Afrilu na 1984 kuma, zamanin mulkin soja na Janar Buhari, aka canza launin kuɗi, aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗinsu banki. Da yawa daga mutanen karkara labarin bai ma isa gare su a kan lokaci ba.

Mu kuma namu rabon mun gani da idonmu. A watan Maris na 2020 aka rushe Kasuwar Barci domin a sake gina ta, 'yan'uwanmu na can suka watsu suna neman inda za su kasa kaya. A ƙarshen watan nan ɗin aka sa dokar kulle ta korona, aka rufe kasuwanni, har ta kai muna kasa kaya a filayen makarantun unguwa. Sai kuma babbar, wadda ba mai mantawa. Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a canza takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara yawo ranar 15 ga Disamba. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jiharmu ta Kaduna, da Kogi, da Zamfara, su suka fara kai maganar Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekarar, sannan a watan Nuwamba ta ce a ci gaba ba tare da wa'adi ba.

A watannin nan ne ƙungiyarmu ta canza kama, ba don mun shirya ba. Ranar zubi ta zo, ba takardar kuɗi a hannun kowa. Dole aka ce mai iya taransifa ta yi. To a nan ne na ga halin kowa ya fito fili, kamar yadda ake gane tsakuwa a cikin shinkafa in an zuba a faifai. Zan kasa mu kashi-kashi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kowa za ta gane kanta, in kuma kin gane maƙwabciyarki, ki bar shi a cikinki.

Masu cewa "mu je"

Kashi na farko su ne waɗanda sabon abu ke burge su. Kafin Shugaba ta rufe baki sun riga sun ɗaga hannu. Su suka fara sayen na'urar POS a rumfunanmu, su suka fara rubuta lambar asusu a kwali suna jinginawa jikin buhu. Ranar da ba kuɗi a gari su suka riƙa ciniki, mu muna zaune muna korar ƙuda. Allah ya saka musu, domin ba don su ba da adashenmu ya tsaya cak a watan Fabrairun nan.

Amma 'yan'uwana masu sauri, ku ma ku ji naku. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa. A cikinku aka fi samun waɗanda aka nuna wa alat na bogi, aka ɗauki kaya aka tafi, kuɗi bai shigo ba. Sannan kuna da wani hali: abin da ya zo muku da sauƙi kuna ɗauka haka yake ga kowa. In 'yar'uwa ta tambaya sau biyu sai ku ce, "Haba Hajiya, wannan ai ko yaro ya iya." Kalmar nan kaɗai ta kori mata daga taro fiye da yadda kuke zato.

Masu cewa "bari mu gani"

Kashi na biyu su ne mafi yawa, kuma a nan nake. Mu ba mu ƙi ba, ba mu kuma yarda ba. Mukan bari mu ga wadda ta fara, mu ga kwasarta ta fito cif, mu ga ba abin da ya same ta, sannan mu shiga. Gani ya kori ji. Irinmu ba a jawo mu da dogon jawabi. Abin da ke jawo mu shi ne maƙwabciyar rumfa da muka sani, muka san jarinta, ta ce mana, "Na gwada, ga shi."

Malaminmu na aji ya taɓa ba mu labarin wani masani ɗan Amurka, Everett Rogers, da ya rubuta littafi a 1962 kan yadda sabon abu ke shiga cikin jama'a. Daga nazarin manoma ya faro, yadda suke karɓar sabon iri da sababbin dabarun noma. A lissafinsa, in aka ɗauki mutum ɗari, biyu ko uku ne ke fara faɗawa. Sai kamar 13 ko 14 su biyo baya da wuri. Sai 34 su shigo bayan sun ga alama, wasu 34 su shigo bayan sun ga kowa ya shiga, sannan 16 su zo a ƙarshe. Ban ce ƙungiyarmu ta faɗa daidai kan wannan lissafi ba, amma da na ji sai na ce ashe abin ba a Kawo kaɗai yake ba. Darasin da ke ciki shi ne: rana ta farko, in kin ga hannuwa kaɗan ne a sama, wannan bai nuna an ƙi shawara ba. Mutane 68 na tsakiya suna nan suna kallo, kuma abin da suka gani an yi wa na farko da na ƙarshe shi zai yanke musu hukunci.

Waɗanda maciji ya taɓa sara

Kashi na uku su ne waɗanda muke yi wa kallon masu taurin kai. Da an ambaci banki sai fuska ta canza. To kafin ki ce wance ba ta son ci gaba, ki tambaye ta labarinta. A cikinmu akwai wadda mahaifinta ya rasa kuɗin amfanin gonarsa a canjin 1984. Akwai wadda mijinta ya ajiye kuɗin sallamarsa daga masaƙa a wani banki, aka wayi gari ƙofa a rufe. Akwai wadda ta zuba jarinta a wajen masu cewa kawo dubu goma ki karɓi dubu ashirin. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Ita wannan in ta ƙulle kuɗinta a haɓar zani, ba jahilci ke damunta ba, tana da dalilin da ta biya da tsada.

Ba a yi wa irin wannan tsoro magani da dariya. Da bayani ake yi masa, bayanin gaskiya. A gaya mata akwai hukumar NDIC da ke tsaya wa masu ajiya in banki ya faɗi. A gaya mata a 2024 an ɗaga abin da hukumar ke biya, daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 ga mai ajiya a manyan bankuna, a ƙananan bankuna kuma daga naira 200,000 zuwa naira miliyan 2. Kuma a gaya mata sauran gaskiyar: abin da ya haura wannan adadi sai an sayar da kadarorin bankin kafin a ga abin da zai samu. In muka ɓoye mata rabin nan, ta ji shi a waje, mun rasa ta har abada.

Amfanin waɗannan a ƙungiya shi ne su ne birkinmu. Motar da ba birki ba wanda zai hau ta daga nan zuwa Mando, balle Zariya.

Masu tambaya

Kashi na huɗu su ne waɗanda in sun ɗaga hannu sai ki ji an yi tsaki a baya, don an san taro zai yi tsawo. Wa zai sa hannu a fitar da kuɗi? Mutum nawa? In Ma'aji ta yi tafiya fa? Alat a wayar wa zai riƙa shiga? Naira 50 ɗin da ake cirewa a kan taransifa ta naira 10,000 zuwa sama, wa zai biya, mai zubi ko ƙungiya? Akwai kuɗin ruwa a ciki ko babu?

Ku tuna, tambayar kuɗin ruwan nan ce ta sa muka je muka bincika, muka gano ashe tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba, kuma Kaduna na cikin wurare uku da ya fara buɗe reshe, tare da Abuja da Kano. Daga baya wasu irinsa suka biyo, kamar TAJBank a 2019. Ko wane banki mutum ya zaɓa, sanin cewa akwai zaɓi ya kwantar wa mata da yawa hankali. Tambayar "mutum nawa" kuma ita ta haifar da dokarmu ta cewa hannu ɗaya ba ya fitar da kuɗin ƙungiya. Ga masu karatun Alƙur'ani a cikinmu, kun san aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Saboda haka mai cewa "a rubuta, a kawo shaida" ba ta zargi kowa ba.

Abin da zan roƙi masu tambaya shi ne, in an ba ku amsa mai gamsarwa, ku faɗa a gaban jama'a cewa kun gamsu. Da yawa daga cikinmu ku muke kallo. In kun yi shiru bayan amsa, sai mu ɗauka da sauran rina a kaba.

Masu shiru

Kashi na biyar su suka fi damuna, domin ba a jin su. Ba sa gardama, ba sa tambaya. In an ce "an yarda?" sai su gyaɗa kai. Bayan wata biyu sai ki ga kujerarsu ba kowa. In kin je gida sai a ce jiki ne, ko maigida ne ya hana, ko kasuwa ce ba ciniki.

Ni na san wannan shirun, domin kafin in shiga aji na zauna a cikinsa. Macen da ta aurar da 'ya'ya, take juya jarin da ya fi albashin ma'aikaci, take riƙe lissafin bashin mutum talatin a kanta ba ta ɓata ko kwabo, ita ce za ta miƙa wa yaron maƙwabta waya ta ce duba mini ko kuɗi ya shigo? A gaban kishiya? A gaban suruka? Gara ta bar ƙungiyar da mutuncinta. Lokacin adashen hannu ba wanda ya san wa ta iya karatu, wa ba ta iya ba. Kowa ta miƙa kuɗinta, uwar adashe ta karɓa, shi ke nan. Waya ce ta zo ta raba mu gida biyu.

Kuma akwai haɗari a ciki. Wadda ba ta iya duba alat da kanta dole ta ba wani lambar sirrinta, wanda ya riƙe lambar sirrinki kuwa ya riƙe lalitarki. Shi ya sa nake cewa maganar taransifa da maganar aji magana ɗaya ce. Yaƙi da jahilci tun shekarun 1950 aka fara shi a Arewa, kuma tun kafin nan, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da matan aure da tsofaffi a tsarin 'Yan Taru. Ba mu muka fara zama aji da furfura ba. Gemu ba ya hana ilimi, ɗankwali ma haka.

Waɗanda canji ya taɓa kujerarsu

Kashi na shida zan faɗe shi da ladabi, domin iyayenmu ne. Kafin rajista, kafin littafi, kafin banki, amanar mutum ɗaya ce ta riƙe mu. Uwar adashe ita ce bankinmu, ita ce alƙalinmu. Ita ta san wadda za ta aurar da 'ya a watan gobe a matso mata da kwasa, ta san wadda mijinta ke kwance a ɗaga mata ƙafa. Ranar da muka ce kuɗi ya koma asusu, mun yi ta murnar ci gaba, amma ba wadda ta tsaya ta tambaya: ita fa, yaya ta ji? Mutum ya yi shekaru ana sallama a ƙofarsa kowane mako, rana ɗaya ƙofa ta yi tsit. In irin wannan ta yi sanyi da sabon tsari, kada mu ce son mulki ne. Kowa a cikinmu aka yi wa haka sai ta ji a jikinta.

Kuma abin da ta sani, banki bai sani ba. Asusu zai gaya miki wance ba ta yi zubi ba. Ba zai gaya miki dalili ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hali da hali

Yanzu ga wani abu da nake so mu riƙe. A Hausa kalmar "hali" biyu ce. Akwai halin mutum, wato ɗabi'arsa, wanda ake cewa zanen dutse ne. Akwai kuma halin da mutum yake ciki. Sau da yawa muna ɗora wa na farko laifin na biyu. Mukan ce wance ba ta son canji, alhali ba ta da waya, ko wayar ɗaya ce a gidan kuma tana aljihun maigida. Ko sunan da ke kan katinta na NIN bai yi daidai da na BVN ba, ta yi ta zirga-zirga har ta gaji. Ko unguwarsu sabis sai an fita bakin titi. Ko kuma jarinta ƙarami ne. Mai sarin buhu hamsin daga Giwa ko Saminaka, cajin mai POS ba ya yi mata komai. Mai sayar da daddawa da kuka a tire, wannan cajin shi ne ribar yininta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin keke-napep zuwa banki da dawowa ma abin lissafi ne.

Sannan mace ɗaya tana iya zama mai sauri a wani canji, ta zama mai nawa a wani. Wadda ta riga kowa sayen POS, ita ce na ga ta fi kowa tayar da jijiyar wuya ranar da aka ce a sa wa'adi ga masu riƙe da muƙami. Wadda har yau ba ta yarda da taransifa ba, ita ta fara kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu yi sari tare. Don haka kada mu liƙa wa kowa suna a goshi. Kashe-kashen nan da na lissafa, kowaccenmu tana yawo a cikinsu gwargwadon abin da canjin ya taɓa mata.

Abin da nake roƙo kafin ƙuri'a

Ni ina goyon bayan kuɗin ƙungiya ya riƙa bi ta asusu. Ma'aji ta daina yawo da jakar kuɗi a cikin keke, kuma duk abin da ya shiga ya bar sawu. Amma ban goyi bayan a rufe ƙofar hannu rana ɗaya ba. Mun ga abin da wa'adin gaggawa ya yi wa ƙasa baki ɗaya a 2023, bai kamata mu maimaita shi a kan junanmu ba. Ga roƙona guda shida.

Na ɗaya, a bar ƙofa biyu a buɗe har zagayen adashen nan da mai bi masa su ƙare. Mai kawo kuɗi a hannu a karɓa, a ba ta rasit nan take, mutum biyu su kai asusu a ranar.

Na biyu, kafin a sa ranar rufewa, a zaga gida-gida. Ba a taro za a tambaya ba, domin mai shiru ba za ta yi magana a taro ba. Mace biyu su je, su zauna a tabarma, su ji ko matsalar waya ce, ko kati, ko karatu, ko tsoro. Kowacce da maganinta daban.

Na uku, kowace mai sauri ta ɗauki 'yar'uwa ɗaya ta koya mata, a keɓe, ba a gaban mutane ba. Kuma sharaɗi: mai koyarwa ba za ta san lambar sirrin wadda take koya wa ba. Ko ƙaramar waya mai madannai tana yin taransifa, ba sai babba ba.

Na huɗu, mu roƙi malamanmu na aji su ware mana darasi na karanta lambobi da saƙon alat, yadda mace za ta bambance dubu biyar da dubu hamsin, ta kuma san ba a sakin kaya don an nuna mata waya, sai ta ga kuɗin a nata asusun.

Na biyar, a ci gaba da karanta lissafin ƙungiya da baki, da Hausa, a kowane taro: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da banki ya cire. Takardar banki ta zagaya hannu-hannu, mai iya karatu ta karanta wa ta kusa da ita.

Na shida, iyayenmu da suka riƙe adashe a da, a ba su kujera a kwamitin bashi da jin ƙai. Su za su faɗa mana wa ya kamata a ɗaga wa ƙafa, wa ya kamata a matso wa da kwasa.

Wata za ta ce wannan zai ja mu baya. E, zai ɗauki lokaci, kuma ƙofa biyu ƙarin aiki ne a kan Ma'aji da Sakatariya, ban raina wahalarsu ba. Amma mu tuna mece ce ƙungiyar gama kai. An ce mana a garin Rochdale na Ingila aka kafa wadda ake koyi da ita a duniya, a 1844. Mutum 28 ne, cikinsu har da masaƙa, suka tara fam guda-guda suka buɗe ɗan shago na fulawa da sukari da man shanu. Dokar da suka bari ita ce mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, komai yawan kuɗinka. Najeriya ta yi dokar ƙungiyoyin gama kai tun 1935 a kan wannan tushe. Ma'ana, mai tiren daddawa da mai shagon atamfa nauyinsu ɗaya a ɗakin nan. In muka yi tsarin da ya dace da mai shago kaɗai, mai tire ta zame ta tafi, asusunmu zai yi kyau a takarda, amma waɗanda aka kafa ƙungiyar dominsu sun fita. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kuma wannan ba shi ne canji na ƙarshe ba. Gobe wata dokar za ta fito, wata na'urar za ta zo, 'ya'yanmu da ke koya mana waya yau su ma za a zo da abin da zai ɗaure musu kai. Yadda muka bi da masu nawa a yau, haka za a bi da mu ranar da ƙafarmu ta yi nauyi.

Ranar ƙuri'a kowa ta zo. Mai goyon baya ta zo, mai adawa ta zo, mai shiru ma ta zo ta ɗaga hannunta inda zuciyarta ta kwanta. Wadda ta daina zuwa kuma, maƙwabciyarta ta biya mata su taho tare.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin membobinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a jarinmu, ya kawo kasuwa, ya zaunar da Kaduna da Najeriya lafiya, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya. In na faɗi abin da ya sosa wa wata rai, ta yafe mini don Allah.